Tafiyata Daga Zariya Zuwa Jos Da Jaka A Kan Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wata tafiya da na yi daga Zariya zuwa Jos cikin watan Agustan da ya wuce, da abin da na koya game da jakar nan ta tamfol da a ke ɗaurawa bisa rufin mota. Na ga mutanenmu sun fara sayenta, musamman masu ƙananan motoci da iyali da yawa, amma ba kowa ya san ladabinta ba. Ni ma dā ban sani ba, sai da na kusa hallaka iyalina.

Dalilin tafiyar kuwa, ƙanwata za a yi wa aure a Jos. Mu biyar ne cikin motar, watau ni da matata da 'ya'yanmu biyu da Inna, mahaifiyata. Tukwane da kwanoni da keken ɗinki suka cika but, ya rage zannuwa da barguna da labule da matasan kai, waɗanda Inna ta yi shekara 3 tana tara wa amarya. Da na rasa inda zan sa su, sai wani abokin aikina ya ara mini jakarsa.

Ga yadda jakar ta ke. An ɗinka ta da tamfol mai kauri, tana da zif da ya kewaye ta, da wani leɓe da ke rufe zif ɗin don kada ruwa ya shiga. Cikinta ya kai lita 400 ko ya ɗara kaɗan, amma in babu kaya sai a naɗe ta kamar tabarma a tura ƙarƙashin gado. Nan ne ta fi akwatin roba mai tauri da a ke sa wa mota, ga kuma sauƙin kuɗi. In mota tana da kariya, a jikinta a ke ɗaure maɗauran. Tawa ba ta da ita, saboda haka na buɗe ƙofofi, na bi da maɗauran ta cikin mota ƙarƙashin rufi, na ja na ƙulle, sa'an nan na rufe ƙofofin a kansu. Littafin da ya zo da motata ya ce kada nauyin da ke kan rufi ya wuce kilo 75. Na auna kayan da jakar duka, suka tashi kilo 40.

Muka fita Zariya da sassafe, muka bi ta Soba da Dutsen Wai muka isa Pambeguwa. Ƙasa ta yi kore shar, masara da dawa sun rufe gonaki hagu da dama, duwatsu na leƙowa ta bayansu. Daga Zariya zuwa Jos kimanin kilomita 240 ne. Na ba yarana labari cewa a wannan yanki ne ƙaramin jirgin ƙasa ya riƙa bi ta Rahama da Jengre don jigilar kuza. Ya isa Jos da Bukuru a 1914, aka rufe hanyarsa a 1957, kafin zuwansa kuwa a ka a ke ɗauko kuzar. Har nan jaka ba ta ba mu wata wahala ba, sai ɗan gurnanin iska da mu ke ji bisa kanmu.

A Saminaka kwaɗayi ya buɗe mini ƙofar wahala. Duk wanda ya san wannan gari ya san shi da masara. Na tarar tana da sauƙi bisa ga Zariya, na ce me zai hana in kai wa gidan biki rabin buhu? Matata ta ce, "Maigida, ina za mu sa ta?" Na ce ai akwai sauran wuri a jaka. Aka ɗora kilo 50 bisa kan zannuwa, aka ja zif da ƙyar har leɓen ya kasa rufe shi, na ja maɗauri sama-sama muka tashi. Ni da aikina lissafi ne kullum, ban tsaya na haɗa 40 da 50 na ga sun zama 90 ba.

Da muka wuce Jengre hanya ta fara hawa tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, domin Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku. Hadari ya haɗu, ruwa ya kece. Can a wata kwana na hangi rami gabana, na karkata sitiyari don in kauce masa. Sai na ji motar ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, buhun ya zame cikin jaka ya koma hagu, ya ja motar da shi. Yara suka yi kuka, Inna ba abin da ta ke sai kiran sunan Allah. Da ƙyar na shawo kanta, muka tsaya a bakin hanya, ƙafafuna na rawa. Jakar ta rataya bisa ƙofar baya, maɗauri ɗaya ya saki.

Akwai wata rumfa nan kusa, wani dattijo na fake wa ruwa a ciki. Ashe tsohon direban babbar mota ne. Ya fito ya kewaya motar, ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaura maka wannan kaya?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya girgiza kai ya ce, "Ko jaki ba a yi masa haka. Kakana bafatake ne. In za a yi wa jaki kaya, sai an fara sa akumari, a daidaita taiki hagu da dama, sa'an nan in an yi ɗan nisa a tsaya a sake jan igiya, gama kaya ya kan zauna. Kai ka sa dutse a ka, ka bar auduga a ƙasa."

Ya taimake ni muka sauke masarar. Muka fitar da kwanoni marasa nauyi daga but, muka naɗe su cikin barguna muka sa a jaka, masara ta koma but kusa da bayan kujera. Muka cika kusurwoyin jaka da matasan kai don kada ta yi fiffike cikin iska, muka juya bakin zif ya dubi baya, muka murɗa kowane maɗauri sau ɗaya don ya daina kuka, muka ƙulle jelarsa. Na ba shi goro ya ƙi karɓa, ya ce in dai na gaya wa wani, ya isa.

Muka shiga Jos da la'asar cikin sanyi, muna tafiya sannu. Da aka buɗe jaka, zannuwa 4 na wajen zif sun jiƙe, ɗaya ya zuba ya ɓata farin labule. Inna ba ta ce mini kome ba, ta ɗauki labulen ta duba ta ajiye, wannan shiru kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Kujerun baya ma sun jiƙe, domin ruwa ya kan bi maɗauri ya shigo ta robar ƙofa kamar yadda kananzir ke bin lagwani.

To, jama'a, ga abin da na ke so ku riƙe. Rufin mota wurin kaya masu girma ne marasa nauyi, kamar tufafi da barguna. Hatsi da man ja da ƙarfe wurinsu ƙasa, gama nauyi in ya hau sama ya kan sa mota ta kwanta a kwana, ya kuma ƙara mata wuyar tsayawa. Kowa ya duba littafin motarsa, don iyakar nauyin ta bambanta daga mota zuwa mota. A wanke rufi a shimfiɗa wani abu mai laushi kafin a ɗora jaka, in ba haka ba yashi zai goge fenti. Da damina a sa tufafi cikin leda tukuna, kada a dogara ga faɗar mai sayarwa cewa ruwa ba ya shiga. In an yi tafiyar kilomita 15 ko 20 a tsaya a sake jan maɗauri, haka kuma a kowane zango. Kada a sa kuɗi ko takardu a ciki, kada kuma a bar ta ta kwana waje, domin reza ɗaya ta ishi ɓarawo.

Saura maganar gudu da mai. Masana sun ce in ka ninka gudu sau 2, ƙarfin iskar da ke tura ka baya ya kan ninku sau 4. Hukumar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban akwati a kan rufi ya kan rage nisan da mai ke kai mota da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 in ana gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai albashi. Da dawowa ban wuce 80 ba, muna isowa gida kuwa na kwance jakar. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta mai lodin da ya wuce kima, amma ni a ganina tsoron ran iyali ya kamata ya riga tsoron tara.

Jakar ba ta da laifi, laifin nawa ne, har ma na yi niyyar sayen tawa kafin ƙarshen shekara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina kuma roƙon direbobi da makanikai masu karanta wannan jarida, in akwai abin da na bari, su rubuto su ƙara mana haske. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.