Da Safe Ofis, Da Yamma Daɓe

A unguwar da na tashi akwai wani malamin firamare wanda har na girma ban san sunansa na yanka ba. Sunan da ya ci a wasan kwaikwayo shi ya bi shi har sahun masallaci. Da safe yana aji, hannu duk alli. Idan an tashi ya dawo gida ya ci abinci kusan a tsaye, ya yi azahar, sannan ya ɗaure wata tsohuwar jaka a bayan keke. Mu yara mun san abin da ke cikinta, don mun sha leƙawa: rawani, gemun auduga, wata koɗaɗɗiyar alkyabba, da tabarau mara gilashi. Daga nan sai wani ajin kuma, a wata makarantar, inda ƙungiyarsu take bita daga la'asar zuwa magariba. Ranar Asabar su hau daɓe. Jifa-jifa kuma a kira su gidan talabijin, ranar kuwa unguwa ba mai barci da wuri. Na sha jin maiɗakinsa daga zaure tana cewa, "Malam, yau ma fitar ce?" Shi kuwa amsarsa ba ta sauyawa: "Yi haƙuri, Hajiya, ni ne sarki, in ban je ba fada ba ta zama."

Sai da na yi wayo na gane ba shi kaɗai ba ne. Haka kusan duk 'yan dirama na wancan zamani suke. Wasa ba ya ciyar da gida, saboda haka kowa da inda yake karɓar albashi ko yake kasa hajarsa: wannan malami ne, wancan akawu, wani tela, wani ma'aikacin gidan rediyo. Abin ma ya samo asali ne tun daga makaranta. Malam Aminu Kano yana koyarwa ya riƙa rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, yana zungurar masu mulki da su. Alhaji Maitama Sule shi ma malamin makaranta ne da ya yi suna a wasan kwaikwayo kafin siyasa ta ɗauke shi, har aka daɗe ana kiran wata ƙungiyar wasa a Kano da sunansa. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda suka zama littattafan da aka yi ta karantawa ana kwaikwaya a makarantu.

Buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 shi ya ƙara wa ɗan wasa maƙera ta biyu da ta uku. Wasa dai sunansa wasa, amma kowace maƙera da irin wutarta. A daɓe sai ka buɗe murya har na kujerar ƙarshe ya ji, ka yi magana da hannu da kafaɗa da ido, kuma ba mai ce maka a tsaya a sake. In ka manta abin faɗa, abokin wasanka ne zai rufa maka asiri, ya jefo wata magana da za ta dawo da kai kan hanya, 'yan kallo ba su ankara ba. A rediyo kuwa jiki ba shi da amfani. Ana tsaye an kewaye makirufo, tsufa da ƙuruciya da fushi da kirsa duk a maƙogwaro suke. Talabijin ta zo da nata sharaɗin: ga fitilu masu zafi kamar bakin murhu, ga wurin tsayawa da aka shata maka, kuma wannan buɗe murya da ya sa ka yi fice a daɓe a nan ihu ne. Mutum ɗaya, cikin mako ɗaya, sai ya zagaya ukun.

Wani abin da matasan yanzu ba su cika yarda ba in an faɗa musu shi ne yawancin wasannin talabijin na Hausa ba a rubuta su kalma da kalma. Mai shiryawa zai zaunar da ku ya ce ga labari: kai ne maigida, ka ci bashi, mai kuɗi ya zo, kai kuma ka ɓuya a ɗaki ka ce a ce ba ka nan. Shi ke nan. Ƙashi aka ba ka, kai za ka sa masa tsoka. Wanda ba shi da Hausa a baki, wanda bai zauna da tsofaffi ya ji yadda ake zaurance da habaici da gugar zana ba, ranar farko ake gane shi. Shi ya sa bitar ta fi wasan cin lokaci. Ana iya kwashe makonni ana maimaita abin da za a nuna cikin rabin sa'a.

Duk wanda ya yi wannan zamani ba zai manta da Samanja Mazan Fama ba. Wanda ya fito a Samanja, Usman Baba Pategi, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942. Ya yi aikin gidan rediyo a Kaduna, kuma ya sa kakin soja na gaske, ba na aro ba. Wannan ne sirrin. Hausar bariki da yake yi, wadda ake cakuɗa ta da Turancin fareti, a karya nan a ɗaure can, ba a ɗakin bita ya ƙirƙiro ta ba, a bakin sojoji ya ji ta. Yadda yake taka ƙasa, yadda yake hura hanci ga ƙananan sojoji sannan ya koma gida a juya shi, duk daga aikinsa na safe ya kwaso su ya kawo na yamma. A zamanin da soja ke mulki, talaka na ganin kaki ya canza hanya, shi wannan bawan Allah ya sa mutane suna tuntsira dariya da soja a tsakar gidajensu, sojojin kansu kuma suna kallo suna dariya. Ni a ganina, da ba don yana da wani aikin ba, da Samanja bai yi daɗin da ya yi ba. Ofis da bariki da kasuwa su ne rumbun da 'yan wasan nan suke ɗiba.

Ƙasimu Yero kuma nasa nauyin daban ne, don da harshe biyu ya yi aiki. Bazazzagi ne mai murya kamar an wanke ta. 'Yan kudu sun san shi da Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin NTA na Turanci da aka riƙa ɗauka a wajen Jos a farkon shekarun 1980, tare da su Sadiq Daba. Mu kuma mun san shi a Karambana da Magana Jari Ce. Ka duba tafiyar kawai: Kaduna zuwa Jos a titin wancan lokaci, ba wayar hannu, saƙo sai ta wasiƙa ko ta bakin direba. A yau ka zama mugun kawu da Turanci, gobe ka naɗa rawani ka koma duniyar Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017.

Ga su nan da yawa, kowane gari da nasa. Jos tana da Karkuzu, Kano tana da Kuliya da Hankaka, ga su Tambaya da Malam Mamman da Ɗanhaki, ga Golobo, ga Kasagi. Kusan duk sunan wasa ya cinye na yanka.

Fim na majigi kuwa, wanda ake haskawa a silima, a wancan lokaci sai ɗan wasa ya yi rayuwarsa duka bai shiga ko ɗaya ba. Wanda ya samu, yawanci ta ƙofar daɓe ya shiga. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe, kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, shi ma wasa ne rubutacce da ya daɗe a hannun ɗalibai kafin Brendan Shehu ya mayar da shi fim a farkon shekarun 1990.

Daga nan sai kaset ya shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ita ma daga daɓe ta taso, ta fitar da Turmin Danya. Kafin shekara goma ta zagayo, mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood, mujallar Fim ta fito a 1999, fim ɗin Sangaya ya zo ya tabbatar wa kowa cewa waƙa da rawa su ke sayar da kaset. Ɗan dirama ya koma ɗan fim, ɗan fim ya koma jarumi. Aka ajiye alli da biro da keken ɗinki.

Gajiyar ma sai ta sauya kama. Da, gajiyar maimaita abu ɗaya ce har ya nuna. A zamanin kaset kuwa ta koma gajiyar yawa. Jarumin da tauraronsa ke haskawa sai ya karɓi kuɗin furodusa uku a mako guda. Da safe yana lokeshin a wani gida a cikin gari, ango ne. Da rana an ɗauke shi zuwa ƙauye, manomi ne. Da dare yana wani falo, alhaji ne mai mata biyu. A mota ake sauya kaya. Darakta yana karanta masa abin da zai faɗa ana gyara masa hula. Sau da yawa bai san ƙarshen labarin da yake ciki ba, sai fim ya fito kasuwar Ƙofar Wambai ya gani kamar kowa. Bayan an gama ɗauka kuma ga shiga situdiyo a ɗora murya, ga ranar waƙa a je a hau tsauni ko a shiga lambu a yi ta motsa baki a kan muryar wani. Daɓe bai mutu ba, amma ya koma wasan Sallah: a ɗebi 'yan fim a mota a nufi Maraɗi, Damagaram, Yamai, wani zubin har Gana da Kamaru, a cika filin wasa, a yi barkwanci da rawa, a kwana a hanya a dawo lokeshin.

Ba wanda ya ɗauki wannan kaya kamar Rabilu Musa Ibro. Shi ma, abin mamaki, ɗan tsohon tsari ne, don ya yi aikin gandiroba na shekaru kafin ya ajiye ya rungumi wasa. Amma kasuwar kaset ta same shi ta matse shi kamar rake. Duk abin da ya faru a duniya, kafin ƙura ta lafa an fito da Ibronsa: Ibro Usama, Ibro Awilo, Ibro Aloko. Wannan na ƙarshen ne ya jawo masa ɗauri a 2008, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta tsananta, tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin ɗan kaso. Mai sayar da kaset ya san in fuskar Ibro tana kan kwali ba zai yi kwantai ba, don haka ba a bar shi ya huta ba. Ya rasu a watan Disamba na 2014, bai kai shekara 45 ba. Har yau in na ga tsofaffin finafinansa, nakan ga baiwar da ta fi ƙarfin labaran da aka saka ta a ciki.

Kada a ce ina yi wa jiya kwalliya. Wasannin da ma suna da nasu aibin: wani labarin ya yi ta jan ƙafa, sauti ya riƙa shaƙewa, bangon katako yana rawa in an rufe ƙofa. Mata kuma kaɗan ne, don iyaye ba sa yarda, wadda ta fito kuwa ta sha baƙar magana a unguwa. Zamanin kaset ya samar wa dubban matasa abin yi, ya kai Hausa inda rediyo kaɗai ke kai ta a da. Har ɗaya daga cikinsu, Ali Nuhu, ya zama shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya a 2024. Finafinai masu dogon zango na yanzu, irin su Daɗin Kowa da Labarina, sun ɗan dawo da tsohuwar ɗabi'a, ɗan wasa ya zauna da hali ɗaya shekara da shekaru har sunan ya manne masa.

Abin da bai sauya ba shi ne yadda tsufa ke samun su. Malamin unguwarmu aƙalla ya ci fanshonsa na koyarwa, kome ƙanƙantarsa. Wanda ya dogara da wasa kaɗai kuwa, sallama ake ba shi a lokeshin, ranar da ƙafa ta daina zuwa sallama ta tsaya. A 2022 Ladin Cima, wato Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa biyar ba, aka yi ta cacar baki a kai kwana da kwanaki. Karkuzu ya makance a ƙarshen rayuwarsa, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya taimaka masa da muhalli. Samanja ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023, ya haura shekara 80, bayan doguwar jinya.

Na nemi ko minti ɗaya na wasan malamin nan namu in nuna wa 'ya'yana, ban samu ba. Na su Samanja da Ƙasimu Yero ma abin da ke yawo a intanet guntaye ne, dishi-dishi, yawanci daga kaset ɗin wani da ya naɗa a gidansa. Ina roƙon shugabannin gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, da malaman sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu: a buɗe ɗakunan ajiya, a kakkaɓe faifan da suka rage, a juye su a kwamfuta tun zafi da gara ba su ƙarasa su ba. Wanda kuma yake da tsohon kaset a ƙasan akwatin mahaifinsa, don Allah kada ya zubar.