Hakkin Jagaba a Kan Dutse

Mu akawuna, in mun ji labarin wata bajinta, mukan tambayi wanda ya ɗauki kayan tafiyar, da abin da aka biya shi.

Dutsen Ebares, wanda ke tsakanin Nepal da Tibet, ya fi kowane dutse tsawo a duniya, ƙafa 29,032 ne. A ƙwanƙolinsa numfashi uku ne ke daidai da ɗaya namu. Ran 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara taka kansa. Tenzing kuwa ɗan kabilar Sherpa ne, da dako ya soma.

Daga baya hawan ya zama ciniki. Mai kuɗi ya biya, Sherpa su riga shi gaba, su gicciya tsani bisa ramukan ƙanƙara, su ɗaura igiya, su kai masa tanti da tulunan iska. Ran 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta rufto a Kumbu, ta hallaka goma sha shida daga ma'aikatan nan.

Ni dai ban ga laifin hawan ba. Amma ayari ba ya isa zango sai da jagaba. Wajibi ne a biya shi gwargwadon kasadarsa, in ya rasu kuwa, a riƙe marayunsa.