Takalmi Ɗaya, Suna Barkatai

Hausawa kan ce suna linzami ne, domin da shi ake jan abu zuwa inda ake so. Akwai wani dogon takalmi na roba mai rufe ƙafa har zuwa ƙwauri, wanda ruwa ba ya ratsa shi, kuma da wuya a sami abin da ya kai shi yawan linzami. A gidanmu kaɗai sunansa uku ne. Kakata takalmin danƙo take ce masa, saboda abin da aka yi shi da shi ta duba. Mahaifina, da yake manomin shinkafa ne, takalmin fadama ya sani. Mu kuwa da muka shiga boko, rembut muka ɗauko daga bakin Turanci. Da na zo karatu kudu, inda damina ta fi tsawo, sai na ji abokai suna cewa takalmin ruwa, wani ɗalibi daga Jamhuriyar Nijar kuma ya ce bot, wato aron Faransanci.

Su ma Turawa ba su tsaya ga suna ɗaya ba. A Ingila Welintan ake kiransa, da sarautar jarumin da ya ci Nafoliyon da yaƙi a Watalu a shekarar 1815. Nasa takalmin na fata ne. Sai bayan da Charles Goodyear ya sami lasisin dabarar dafa roba da farar wuta a 1844 aka shiga yin irinsa da roba, amma sunan ya zauna. A Afirka ta Kudu kuwa gambut ake cewa, ma'anarsa daidai da ta kakata, kuma masu haƙar zinariya a can har rawa suka ƙago da shi, suna buga shi da tafin hannu.

Idan mai karatu ya lura, kowane suna shaida ne. Wani ya nuna abin da aka sarrafa, wani aikin da ake yi, wani kuma hanyar da kayan ya biyo ya iso mu. Saboda haka ba na goyon bayan ɗaliban da suke yi wa junansu dariya a kan wannan, wai nasu ne daidai. Daidaitacciyar Hausa tana da amfani wajen rubutu, amma ba a kafa ta don ta binne maganar gida ba.

Al'amarin ma ya wuce gardamar 'yan makaranta. A ƙasar Kaltungo ta Jihar Gwambe, maciji kububuwa ya addabi manoma, kuma yawanci a ƙafa sara yake samun mutum. Masu shiga ruwan fadama su ma suna kamuwa da tsargiya, domin ƙwayar cutar ta fata take shiga. Wannan takalmi kariya ne daga duka biyun. To, idan malamin lafiya ya ce wa manomi ya sa rembut, alhali shi takalmin fadama ya sani, ina amfanin wa'azin?

Shawarata ga ɗaliban Hausa ita ce, duk wanda ya je hutu ya tambayi iyaye da kakanni sunan da suke kiran wannan takalmi, ya rubuta tare da sunan garin. Ƙamus na gobe daga irin wannan tsintuwa zai fito.