Ƙwallon roba ma a latsa shi kafin a biya

Mai sayen tulun Jiratawa ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa. Amma ƙwallon robar yaranmu, launi kawai muke dubawa.

Na gwada guda biyu daga buhu ɗaya a babbar kasuwar Maraɗi. Kuɗinsu ɗaya, amma wannan taushi kamar tumatir, wancan tauri kamar goruba. Sau da yawa tsohuwar roba ake narkawa a gauraya, shi ya sa ba sa fitowa daidai. Sanyin hunturu kuma yana ƙara musu tauri. Irin wannan ne ya fasa farcen wani ɗalibina a Tibiri, sannan ya tsage.

Malamai da iyaye, ku latsa da babban yatsa. Wanda ya lotsa ya dawo, shi za ku ɗauka.