Shuɗin zobe a hoton taurari: daga Litinin zuwa Asabar

Litinin
Hazo ya lafa. Bayan sallar Isha'i na fitar da madubin hangen nesa, na auna taurarin Kaza da 'Ya'yanta, na ɗaura kyamara. Hotuna sun fito, amma kowace tauraruwa mai haske ta yafa zobe shuɗi mai sirkin shunayya, ta kumbura har ta danne ƙananan da ke gefenta.

Talata
Yau bincike na zauna yi. Madubina mai gilashi biyu ne, irin wanda John Dollond ya yi wa rajista a Ingila a 1758. Gilashi ya fi lanƙwasa shuɗin haske a kan ja, shi ya sa launuka ba sa tsayawa wuri guda. Haɗin gilashi biyu yana daidaita ja mai tsawon zango nanomita 656 da shuɗi mai 486, amma shunayya, daga 436 zuwa ƙasa, sai ta zarce. Idon mutum bai cika kama ta da dare ba, kyamara kuwa tara ta take yi muddin tana buɗe.

Laraba
Na sa matatar haske wadda ba ta barin komai wucewa sai tsakanin nanomita 420 da 680. Zoben ya ragu sosai. Na kuma yanka kwali na rage bakin madubin daga milimita 80 zuwa 60. Taurari sun tsuke, sai dai kusan rabin haske ya tafi, dole na tsawaita lokacin ɗauka.

Alhamis
Wani abokina ya zo da nasa mai gilashi uku, ɗaya daga ciki FPL-53 ne na kamfanin Ohara da ke Japan. Muka auna Rigel, tauraruwa mai tsananin haske da ke tona asirin kowane gilashi. Ta fito tsaf, ba zobe. Kuɗinsa dai ya ninka na nawa.

Juma'a
Wuni guda ina gaban kwamfuta. A nan aikin ya fi bukatar natsuwa, domin Kaza tana da shuɗinta na gaskiya: ƙurar sararin samaniya ce ke mayar da hasken taurarin masu zafi, musamman a kewayen tauraruwar Merope. Wanda ya rage shuɗi a duk faɗin hoton ya jefar da jariri da mahaifa. Sai na ware taurari daban, na gyara gefunansu kaɗai, na bar ƙurar da launinta.

Asabar
Hazo ya dawo, ba fita. Shawarata ga mai gilashi biyu: kada ya karaya, kada kuma ya ci bashi. Ya fara da matatar haske, ya rage bakin madubi, ya koyi gyara da haƙuri. Amma ya sani, hasken da gilashi ya watsar, kwamfuta ba ta tattaro shi. Ɓoye shi kawai take yi.