Fayafayin Bikin Yayata

Ranar ziyara ta farko a zango na uku, Inna ta zo mini da garin kwaki da ƙuliƙuli da yaji kamar yadda ta saba, ta kuma zo da labari. Ta ce an sa ranar auren Yayata, za a ɗaura a cikin dogon hutu. Na yi tsalle na rungume ta, har 'yan ɗakinmu suka zo suna taya ni murna. Amma da dare ya yi, aka kashe fitila, sai murna ta koma ciki. Me zan kai wa Yaya?

Na san ba wanda zai zarge ni in na je hannu rabbana, domin ba a sa ran gudummawa daga 'yar makaranta. To, amma Yaya ba kamar kowa ba ce a wurina. Ita ta goye ni, ita ke yi mini kitso, akwatin ƙarfen da na zo da shi makarantar nan ma nata ne, har yanzu sunanta ke jiki. Na laluba ƙasan akwatin na ƙirga abin da ya rage mini: naira dubu biyu da ɗari uku. Kowa ya san yadda kaya suka yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kuɗin nan ko cokali na kirki ba za su saya ba. Abin da ya ƙara mini zafi kuwa, akwai wata a ajinmu da ba ta gajiya da ba mu labarin kulolin da ta saya wa tata yayar, har da launinsu da yawansu.

Kwana uku ina cikin wannan tunani. Ran na huɗu, muna dawowa daga cin abincin rana, sai idona ya faɗa kan Iya, ɗaya daga cikin masu dafa mana abinci. Kullum in an sauke tukunya takan zauna gindin dogon yaro a bayan madafa tana ɗinkin faifai. Shekara huɗu ina wuce ta, ban taɓa tsayawa na duba abin da ke hannunta ba. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Yauwa, 'yata. Ƙarin tuwo ake nema? Ya ƙare."

Na ce, "A'a, Iya, so nake ki koya mini wannan."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yar boko da basilla? Hannun nan da bai san komai ba sai biro?" Da na gaya mata dalili sai ta bar dariya. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: in riƙa karanta mata saƙon da ɗanta ke turo mata a waya daga Ikko, in kuma rubuta masa amsa. Nan muka ƙulla ciniki.

Ranar kasuwa na ba ta kuɗina, ta sayo mini kaba dami ɗaya, da galura kala uku, da basilla, har da canji ta dawo mini da shi. Ga waɗanda suka tashi a birni irina, kaba ganyen goruba ne, itacen nan da muke gwaguyar 'ya'yansa. Ana yanko ta, a shanya ta bushe ta yi fari, sa'an nan a tsattsaga ta siri-siri. Wadda za a rina, sai a tafasa ruwa a zuba galura, a tsoma ta ciki har ta kama, a shanya a inuwa. Iya ta ce su da suna yara ba su dogara ga galura ba. Ja daga karan dafi ake samu, rawaya daga saiwar rawaya ko gangamau, shuɗi kuwa daga baba, irin wanda har yau ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano. Ni dai kore na fi saya da yawa, don shi Yaya ke so.

Ɗinkin kansa, in ka gani a hannun gwana, sai ka ce wasa ne. Ana haɗa 'yar busasshiyar ciyawa mai tsauri kamar kaurin fensir, ita ce ƙashin faifan. A naɗe ta da kaba a lanƙwasa ta zama ɗan da'ira, wannan ita ce cibiya. Daga nan sai a yi ta zagayawa: a huda layin da ya gabata da basilla, a zura kaba, a ja, a naɗe, a sake hudawa. In ciyawa ta fara sirancewa a ƙara wata. In ana son ado a yanke farar kaba a sa mai launi, a ƙirga ɗinki don zanen ya zo daidai a kowane zagaye. Dole kuma kaba ta kasance a jiƙe, in ba haka ba sai ta karye. A nan ne ma na gane abin da ya sa Hausawa suka kira na garmaho faifai. Shi ma da'ira ne mai layi-layi yana zagaya cibiya, ga shi yau har faifan bidiyo muke cewa, alhali babu da'irar ko kaɗan.

Na farko da na yi bai zama faifai ba. Ina jan kaba da ƙarfi don kada ya yi sako-sako, ashe ƙarfin ne ke sa bakin ya tattaro sama. Kafin mako ya cika abin ya zama kamar malafa. Iya ta ɗora shi a kanta ta zagaya madafa, masu girki suna ta shewa. Na ji kamar in nutse. Ta cire ta miƙo mini, ta ce, "Warware." Aikin kwana bakwai na warware da hannuna ina ƙwalla. Basilla kuwa ta sha jinin babban yatsana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Na biyu ya kwanta sosai. Daga nan abin ya shiga raina, har na fara yin abin da bai kamata ba. Lokacin da ke akwai tsakanin la'asar da magariba bai ishe ni ba, sai na riƙa shiga da shi karatun dare, in buɗe littafin lissafi a kan tebur, hannuwana kuwa suna ƙarƙashi suna aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata daga cikin shugabannin ɗalibai ta kama ni, ta ƙwace faifan, aka sa ni nome ciyawar bayan ɗakin kwana ran Asabar. Sai da Iya ta je da kanta ta roƙi uwar ɗalibai kafin a dawo mini da shi. A gwajin lissafi na watan nan na sami takwas bisa ashirin. Na faɗi wannan ne don masu cewa kyautar hannu ba ta cin komai. Kuɗi ne ba ta ci da yawa, amma tana cin lokaci, lokacin ɗalibi kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai.

Wani abin mamaki, da labarin ya bazu sai ga shi ashe ɗakinmu cike yake da masu sana'a a ɓoye. Wata ta warware tsohuwar rigar sanyinta, ta wanke ulun, ta saƙa wa ɗan yayarta hula da safa da kwarashi. Wata takan roƙi ƙyallaye wajen tela ta harhaɗa rigar matashi, ta cusa audugar rimi da ta tsinta da bazara. Wata ƙawata 'yar Barno ta ce a gidansu ba a sayen turaren wuta, haɗa shi ake yi, ta kuma yi mini alkawarin 'yar kwalba ɗaya in haɗa da nawa. Ta cika alkawari.

Ranar da aka ba da hutu ina da fayafayi uku: babba na tankaɗe, da ƙanana biyu na rufe abinci, fari da kore da baƙin layi a baki.

Ranar jere mata suka cika ɗakin amarya. Ga kuloli, ga tangaran, ga tukwane masu sheƙi ana ta fito da su daga kwali. Kakarmu tana zaune a gefe tana ba da labari, wai a zamanin uwarta ƙore ake jerawa, a nata zamanin tasoshi da kwanoni, ga shi yau an koma kula. Na ga dama ta samu, sai na kwance ɗankwalin da na ƙunshe kayana na ajiye a gaban Gwaggo, domin ita ke shirya ɗakin. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu ta ce, "Wannan kuma wace baƙauyiya ta kawo?"

Inna ta ce, "Ɗiyarki ce ta ɗinka da hannunta a makaranta."

Gwaggo ta ce, "Ayya, sannu. Abin da aka tura ki koyo ke nan?" Aka yi dariya. Ta tura su ƙarƙashin gado. Turaren wutan ne kawai ya sami shiga, nan take aka zuba shi a kasko. Yaya tana can lulluɓe a wani ɗaki, ba ta san abin da ake ciki ba, ni kuwa ban gaya mata ba. Na fita bayan gida na yi kukana na wanke fuska. Har aka watse biki ban ƙara shiga ɗakin ba.

Sai hutun Disamba na je gidanta. Kuloli suna nan cikin kabad mai gilashi, biyu kawai ake amfani da su, kuma gaskiya suna riƙe zafin tuwo, abin da faifai ba zai iya ba. Ina zaune sai ta shigo da kwanon fura, an rufe shi da ƙaramin faifai fari da kore. Gabana ya faɗi. Na leƙa madafa, ga babban rataye a ƙusa, duk gari ya cike layukansa, bakinsa har ya fara zarewa a gefe ɗaya.

Ta ce, "Ke, don me ba ki gaya mini ba? Sai da na zo shara na gan su, na yi ta tambaya, Inna ta faɗa mini."

Na ce, "Yaya, ina na ukun?"

Ta ce uwar mijinta ta gani ta ɗauke, ta ce rabonta da ganin mai ƙaramin ɗinki haka an daɗe. Yanzu wai biyu take so, ɗaya nata ɗaya na ƙanwarta, kuma za ta biya. Na ce ba zan karɓi kuɗinta ba. Yaya ta ce in karɓa mana, ai kaba ba kyauta ake ba ni ba.

Gwaggo har yau ba ta san wannan ba, in mun haɗu kuma takan tambaye ni ko ina nan ina saƙar tawa. Nakan ce ina nan, Gwaggo. Da muka dawo makaranta na kai wa Iya kuɗin kaba, na kuma yi wa malamin lissafi alkawari basilla ba za ta ƙara shiga aji ba. Jiya na nuna wa Iya cibiyar sabon da na fara. Ta juya ta, ta matsa da yatsa, ta ce ta yi sako-sako, in warware.