Mabuɗin Rumbu A Hannuna

Ranar da malaminmu ya damƙa mini kula da rumbun ajiyar bincikenmu, na ɗauka aikin bai wuce na mai gadi ba. Rumbun nan wata 'yar na'ura ce ƙirar Synology, mai faifai biyu a ciki, an jona ta da kwamfutocin ɗakinmu. An samo ta ne bayan ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci wayoyin wasunmu da duk abin da ke cikinsu. Tun daga nan a cikinta muke zuba muryoyin da muke ɗaukowa a Hausari da Gwange: tatsuniyoyi, kirari, da hirarrakin da ke nuna yadda Barbarci ya ratsa Hausar Maiduguri.

Ya kai mai karatu, sunayen masu shiga ba a cikin rumbun suke ba. Suna can a wata babbar kwamfuta mai riƙe da rajistar kowa, bisa tsarin Active Directory na kamfanin Microsoft. In ka sa sunanka da kalmar sirri, ita rumbun ke tambaya ko ta san ka. Nawa aikin shi ne raba mutane rukuni-rukuni: malamai, masu iya zubawa da gogewa, da masu sauraro kawai. Rukuni ake ba izini, domin ɗalibi in ya kammala sai a cire sunansa, shi ke nan.

To, akwai wani rukuni da duk sabon suna ke faɗawa cikinsa kai tsaye, wato na kowa da kowa. Wata Alhamis 'yan aji biyu suka dame ni wai ba sa ganin tatsuniyoyi, ga magariba ta gabato, sai na ba wannan rukuni izinin sauraro a kan babbar jaka. Na manta cewa izini gadonsa ake yi, duk jakar da ke ƙarƙashi sai ta ɗauka.

A ƙarƙashin kuwa akwai hirar da wata 'yar ajinmu ta yi da wata tsohuwa da ta gudo daga Bama a 2014. Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa: kada namiji ya ji. Ran Litinin ina shiga ɗaki na ji muryar tsohuwa tana fita daga wata kwamfuta, ga 'yar ajinmu tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, wa ya buɗe?" kawai ta ce.

Gyaran bai ɗauke ni minti biyu ba. Na raba jakar da gadon, na buɗe mata rukuni na mata uku. Amma littafin shige da fice na rumbun ya nuna maza huɗu sun riga sun saurara, ɗaya har ya kwafa a wayarsa. A gabana ya goge.

Wasu suka ce a bar maganar, tunda tsohuwa ba ta san kwamfuta ba. 'Yar ajinmu ta ƙi. Muka tafi Gwange tare, na tsaya a zaure, na faɗi abin da na yi ta bayan labule. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai ma ka ji?" Na ce, "Kaɗan, Iya." Ta ce a goge duka.

Da yamma na goge, har da kwafin da ke kwandon shara na rumbun. Hirar minti 47 ce.